Tambaya da Amsa: Me Ke Iya Yiwuwa a Jikin Dodon Finafinan Alien?

Tun da aka fitar da fim ɗin Alien: Romulus a 2024, aka kuma biyo shi da shirin talabijin na Alien: Earth a 2025, wasiƙun da ke zuwa mana a kan dodon waɗannan finafinai suka yawaita, har muka ga ya dace mu tattara su mu amsa a wuri ɗaya. Ga wanda bai taɓa kallo ba, fim na farko ya fito ne a 1979, Ridley Scott ya ba da umarni, Dan O'Bannon ya rubuta, wani mai zane ɗan ƙasar Suwizalan, H. R. Giger, ya tsara siffar dodon. Labarin wasu ma'aikata bakwai ne a cikin jirgin dakon kaya na sararin samaniya mai suna Nostromo. Sun sauka a wata duniya, suka iske wani tsohon jirgi cike da ƙwai, ɗayansu ya leƙa cikin wani ƙwan, wata halitta mai dogayen yatsu ta yi tsalle ta manne masa a fuska ta dasa masa ɗa a ciki, daga baya ɗan ya fasa ƙirjinsa ya fito, ya girma ya shiga hallaka su ɗaya bayan ɗaya. Za mu riƙa kiran ta farkon maƙale-fuska, na biyun kuma fasa-ƙirji. Masu sha'awar waɗannan finafinai sun shafe fiye da shekara 40 suna gardama a kan yadda jikin dodon ke aiki, kuma tambayoyin da ke ƙasa duk daga cikin wannan gardamar suka fito.

Tambaya: Malam, a ce halitta ta dasa ɗanta a cikin wata halitta mai rai, ya ci ya girma a ciki sannan ya fasa ya fito, wannan ba tsantsar ƙirƙirar marubuci ba ce? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, wannan da kika ɗauka ya fi komai nisa da gaskiya shi ne ya fi komai kusa da ita a duk cikin fim ɗin, kuma shi kansa O'Bannon ya faɗa cewa daga ƙwarin dangin rina ya ɗauko shi. Duk wanda ya taɓa fasa ɗan gidan lakar da zanzaro ke ginawa a kusurwar ɗaki ko a bayan ƙofa ya ga abin da ke ciki: gizo-gizo ko ƙananan tsutsotsi a cushe, ba su mutu ba, ba su kuma iya gudu, in ka taɓa ɗaya da tsinke sai ka ga ƙafa ta ɗan motsa. Uwar ce ta harbe su da dafin da ke shanye jiki, ta saka ƙwanta a ciki, ta liƙe bakin gidan. Dalilin barin su da rai shi ne kada naman ya ruɓe kafin ɗan ya ƙyanƙyashe ya gama ci. Wannan shi ne ainihin abin da maƙale-fuska ke yi a fim, inda take sumar da mutumin amma tana ba shi iskar numfashi don kada ya mutu.

Wasu dangin na rina sun wuce zanzaro, domin a cikin jikin tsutsar suke saka ƙwai. Akwai waɗanda ke haɗawa da wata ƙwayar cuta ta bairos da ke kashe ƙarfin garkuwar jikin tsutsar, don kada jikinta ya yaƙi baƙon. Ɗan yana fara cin kitse da ruwan jiki, yana barin gaɓoɓin da rai ya dogara a kansu sai a ƙarshe, sannan ya huda fata ya fito. A yankinku ma ana cin moriyar irin wannan ɗabi'a, domin masu binciken aikin gona a Nijar sun daɗe suna sakin wata ƙaramar rina mai suna Habrobracon hebetor a ƙauyuka, cikin ƙananan buhunan algarara, don ta shanye tsutsar da ke cinye zangarniyar gero ta saka ƙwai a jikinta.

Inda masu hasashe suka fi tsayawa shi ne matakin maƙale-fuska kanta, wadda ba ta ci, ba ta girma, aikinta kawai ta dasa ta mutu. Wasu sun ce bai kamata a ɗauke ta a matsayin dabba mai zaman kanta ba, gaɓar haihuwa ce mai tafiya da ƙafafunta. Na yarda da su, kuma teku na da misalin da ya goyi bayansu. Akwai wata halitta mai suna Sacculina da ke kama ƙaguwa: macen tana ƙarama take manne wa ƙaguwar, ta huda ɓawonta, ta tura wasu 'yan ƙwayoyin jikinta ciki, sauran jikin nata kuwa ya zama fanko ya faɗi. Abin da ta tura ɗin ne ke yin jijiyoyi ya mamaye cikin ƙaguwar.

Tambaya: Jinin dodon ruwan batir ne da ke huda ƙarfe. Ta yaya bai narkar da shi kansa ba, kuma akwai dabba mai irin wannan jini? Daga wani ɗalibin kimiyyar sinadarai a Zariya.

Amsa: Ya kamata mu fara da sanin dalilin da ya sa aka ba shi wannan jini. Masu shirya fim ɗin sun rasa hujjar da za ta hana ma'aikatan jirgin harbe dodon su huta, sai wani mai zane a cikinsu, Ron Cobb, ya kawo shawarar jinin da zai huda jirgin in an zubar da shi. Buƙatar labari ce ta haife shi, bayanin kimiyya kuwa masu kallo ne suka biyo baya suna nema.

Rabin tambayarka yana da sauƙi. Halitta na iya riƙe asid mai ƙarfi ba tare da ta cutu ba, muddin ta killace shi. Tumbinka na ɗauke da asid da ke sauka ƙasa da 2 a ma'aunin pH, wanda ke auna ƙarfin asid (ƙaramar lamba na nufin asid mai ƙarfi), majina mai kauri ce ke kare bangonsa. Akwai wata ciyawar teku mai suna Desmarestia da ke ajiye asid irin na batirin mota a cikin ƙananan jakunkuna a ƙwayoyin jikinta, in ta mutu jakunkunan su fashe ta lalata kanta da duk ciyawar da aka haɗa ta da ita. Amma ka lura, a duk waɗannan misalai asid ɗin a killace yake, ba ya yawo a jiki. Jini kuwa aikinsa ɗaukar iska da abinci zuwa kowace gaɓa, kuma jinin mutum in ya kauce kaɗan daga tsakanin 7.35 da 7.45 a wannan ma'auni rai na cikin haɗari. Saboda haka masu cewa wannan ruwa ba jini ba ne, wani ruwan kariya ne da ke kwance tsakanin fata biyu, sun fi kusa da hankali.

Hasashen da ya fi burge ni shi ne na masu cewa ruwa iri biyu ne a rabe, sai an ji wa dodon rauni suke haɗuwa su zama abin da muke gani. Suna kafa hujja da wani buzuzu da ke ajiye sinadarai a jaka ɗaya, abin da ke tayar da su kuma a wata, in an tsokane shi ya haɗa su ya fesa ruwa mai zafin da ya kai wajen digiri 100. Fim na biyu, Aliens na 1986, ya ɗan taimaka musu, domin a cikinsa an faɗa cewa ƙarfin asid ɗin yana mutuwa bayan halittar ta mutu, abin da ke nuna akwai wani aiki da jiki mai rai ke yi don ya riƙe shi da ƙarfinsa.

Wani ɓangaren kuwa, wanda ba ka tambaya ba, shi ne inda hasashen kowa ke karyewa, kuma a matsayinka na ɗalibin sinadarai kana iya lissafa shi a bayan littafinka. Asid yana ƙarewa ne yayin da yake cin ƙarfe. Kafin ka narkar da kilo 1 na baƙin ƙarfe kana buƙatar wajen lita 3 na asid ɗin haidirokilorik mafi kauri da ake sayarwa, kuma ba cikin daƙiƙoƙi zai yi aikin ba. A fim ɗin 1979 an yanki yatsan maƙale-fuska, ɗan abin da ya ɗiga bai fi cikin cokali ba, amma ya huda daɓen ɗakin ya zarce hawan da ke ƙasa ma'aikata na bin sa da gudu. Masu hasashe kan ambaci sunayen asid mafiya ƙarfi a duniya don su toshe wannan giɓi, sai dai ƙarfin asid dabam, yawan ƙarfen da zai iya ci dabam. Ko wanne ka kawo, cokali ɗaya abin cokali ɗaya zai ci.

Tambaya: Fasa-ƙirji ya fito bai wuce tsawon hannu ba, kafin a kwana ya fi mutum tsayi. Me ya ci? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, ka taɓo babbar matsalar, wadda yawancin masu kallo ke wucewa ba su lura ba saboda hankalinsu na kan jini da haƙora. Nama ba ya fitowa daga babu. Jaririn babban kifin nan mai shayarwa na teku, wanda ya fi kowace dabba girma, yana ƙara wajen kilo 90 a rana, amma da ma an haife shi da nauyin fiye da tan 2, yana kuma shan nono mai yawan gaske, don haka abin da yake ƙarawa a rana bai kai kashi 5 cikin 100 na nauyinsa ba. Tsutsar siliki tana ninka nauyinta wajen sau 10,000, amma cikin kusan wata guda na cin ganye dare da rana. Dodon fim kuwa ya ninka nauyinsa sau da dama cikin sa'o'i, ba a kuma nuna shi yana cin komai ba.

Wasu sun ce ya fasa rumbun abincin jirgin ne a ɓoye, wanda zai yiwu, amma narkar da abinci da mayar da shi tsoka da ɓawo a wannan sauri zai fitar da zafin da zai dafa dabbar da kanta. Wasu sun ce daga iska yake jan nauyinsa yadda bishiya ke yi. Wannan shi ne mafi rauni, domin iskar da ta cika akwati mai mita 1 ta kowane gefe nauyinta kilo 1.2 ne kacal, kuma iskar kabon da bishiya ke amfani da ita wajen kashi 6 ce cikin 10,000 na wannan nauyi. Wasu kuma sun riƙe maganar jami'in kimiyyar jirgin, Ash, cewa maƙale-fuska tana sauya ƙwayoyin fatarta da silikon, suka ce ashe dodon yana cin kayan jirgin ne. Akwai dodon-koɗi a ƙarƙashin Tekun Indiya da ke gina ɓawonsa da sinadarin ƙarfe, amma a hankali yake yi.

Wanda na fi karkata gare shi shi ne hasashen kumburi. Ƙwaro ko ƙaguwa in sun yi saɓa sukan haɗiyi iska ko ruwa su kumbura sabon ɓawon tun yana da laushi, ya bushe a kan wannan girman, nama ya cika shi daga baya. Fim ɗin ya nuna an tsinci saɓar da dodon ya yar, Romulus kuma ya nuna shi yana fitowa daga wani kwanso a jikin bango. Wannan zai ba shi tsayi, amma dabbar da iska ta cika ba za ta ɗaga ƙato sama da hannu ba. Game da tsayin kuwa, wanda ya sa rigar dodon a 1979 ɗan Najeriya ne haifaffen Legas, Bolaji Badejo, ɗalibin zane a Landan mai tsayin fiye da mita 2, wanda aka zaɓa saboda tsawon gaɓoɓinsa da sirantarsa. Ya rasu a 1992.

Tambaya: Ba shi da ido, da me yake gani? Kuma mene ne amfanin ƙaramin bakin da ke fitowa daga cikin bakinsa? Daga wata mai karatu a Garwa.

Amsa: Giger ya cire idon ne da gangan, domin abin da ba ka san inda yake kallo ba ya fi ban tsoro. Masu hasashe sun rarrabu tsakanin jin zafin jiki irin na wasu macizai, da amsa-kuwwar sauti irin na jemage, da jin lantarki. Wannan na ƙarshe akwai shi da gaske, kuma a jikin kifin ɗan sarki na kogunanmu ne wani masani, Hans Lissmann, ya gano shi a shekarun 1950, sai dai a cikin ruwa yake aiki, busasshiyar iska ba ta ɗaukar lantarki haka. Dogon kan nan mai santsi ya fi dacewa da sauti.

Bakin na biyu kuwa, a 2007 wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Rita Mehta da Peter Wainwright, suka nuna cewa wani kifin teku mai siffar maciji da ake kira moray yana da muƙamuƙi na biyu a maƙogwaro, wanda ke zaburowa gaba ya cafki abin da haƙoran waje suka riƙe ya ja shi ciki. Fim ɗin ya riga wannan bincike da shekara 28. Bambancin shi ne na kifin ja yake yi, na dodon kuwa naushi yake yi ya fasa ƙoƙon kai.

Tambaya: Wa ke saka ƙwan? Na ga sarauniya a fim na biyu, amma abokina ya ce dodon yana mayar da mutane ƙwai. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Kai da abokinka duk kun ga abin da kuka ce kun gani. An ɗauki wani yanki a fim na farko inda jarumar fim ɗin, Ripley, ta iske biyu daga abokan aikinta a liƙe a bango, ɗaya ya fara rikiɗa yana zama ƙwai, amma aka yanke shi kafin a fitar da fim ɗin, sai a sabon bugun 2003 aka maido shi. James Cameron, wanda ya ba da umarnin fim na biyu, ya gina fim ɗin 1986 a kan abin da masu kallo suka gani a sinima, inda ba a faɗi mai saka ƙwan ba, sai ya ƙirƙiro sarauniya mai ƙaton ciki irin ta gara da ke kwance a tsakiyar suri tana zuba dubban ƙwai a rana. Saɓanin daga ɗakin tace fim ya samo asali.

Duk da haka sulhun da masu hasashe suka yi ba abin rainawa ba ne. Sun ce sarauniya ita ce hanya ta yau da kullum, mayar da mutum ƙwai kuwa dabara ce ta dodon da ya tsinci kansa shi kaɗai, don ya samar da sarauniya. Ƙudan zuma na yin abin da ya yi kama da haka: in uwar amya ta mutu sukan zaɓi ƙaramar tsutsa su ciyar da ita abinci na musamman ta zama sabuwar uwa, kuma ma'aikatan wani jinsin zuma na Afirka ta Kudu suna iya saka ƙwan da zai zama mace ba tare da barbara ba. Gyaran da zan yi musu ɗaya ne. Gawa ba ta rikiɗa ta zama ƙwai, sai dai ƙwai ya ci gawa ya girma a kanta, kuma wannan fassarar ba ta saɓa wa abin da aka nuna a bangon ba.

Tambaya: A fim na uku dodon ya fito daga jikin kare, ya zo da ƙafa huɗu. Da gaske halitta na iya satar siffar wanda ta zauna a cikinsa? Daga wani malamin makaranta a Katsina.

Amsa: Malam, haka aka nuna a Alien 3 na 1992, kodayake a wani bugun da aka fitar daga baya daga jikin bijimin sa ya fito. Masu hasashe sun ce ɗan yana kwasar wani abu daga ƙwayoyin gadon mai masaukinsa, kuma satar ƙwayar gado abu ne tabbatacce, har ma a gonakinku. A 2010 wasu masu bincike a Japan suka gano cewa wuta-wuta, wadda ke manne wa saiwar dawa tana tsotse ta, tana ɗauke da wata ƙwayar gado da ta samo daga dangin dawar. Sai dai wannan abu ne da ya faru can baya a tarihin jinsin aka yi ta gadonsa, kuma bai sa wuta-wuta ta fitar da zangarniya ba. Tsarin jiki, kamar yawan ƙafafu da yadda ƙashin baya ke tsayawa, aikin ɗimbin ƙwayoyin gado ne da ke tafiya tare, ba a ɗaukar sa a dare ɗaya a ɗora wa wani jiki. Da ni ne zan ce dodon yana da siffofi da dama a ajiye a cikin nasa gadon, girman mai masaukin da sinadaran jikinsa ne ke zaɓar wadda za ta fito, kamar yadda abinci ke raba uwar zuma da ma'aikaciya alhali asalinsu ɗaya.

Tambayarka tana ɗauke da wata da ta fi ta nauyi. Halittun da ke rayuwa a jikin wasu yawanci masu zaɓe ne, kowace da 'yan jinsunan da ta saba da su, domin dole ta san garkuwar jikinsu da sinadaran jininsu. Halittar da ba ta taɓa haɗuwa da mutum ba, daga wata duniya, ta shiga jikinsa ta san inda maƙogwaro yake, ta san iskar da yake shaƙa, ta kuma yi haka ga kare da sa, wannan ba ya kama da abin da ya taso da kansa a daji. Shi ya sa masu cewa ƙera dodon aka yi a matsayin makami suka fi ƙarfin hujja, kuma Ridley Scott ya sha faɗin cewa a ganinsa tsohon jirgin da aka sami ƙwan a cikinsa jirgin dakon makamai ne. A Alien: Covenant na 2017 ya nuna wani mutum-mutumi mai suna David yana haɗa irin dodon da hannunsa, abin da ya tayar da sabuwar gardama, domin labarin wannan fim ya faru ne a 2104, shekara 18 kacal kafin na Nostromo, alhali matuƙin tsohon jirgin da ma'aikatan Nostromo suka iske ya daɗe da mutuwa har ya ƙandare ya haɗe da kujerarsa, da ramin fasa-ƙirji a haƙarƙarinsa. Masu son daidaita finafinan biyu sun ce David kwaikwayon wani tsohon aiki ya yi, suna kafa hujja da zanen dodon da aka gani a bango a fim ɗin Prometheus na 2012, tun kafin David ya fara gwaje-gwajensa.